Kafiretar Golf ɗina tana zubar da mai: an canja fulota, an canja allura, har yanzu shiru

Mai Golf: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masana harkar mota ku agaza mini da shawara. Ina da Golf 2 mai kafireta, injin 1.6. Yau kusan mako biyu ke nan da ta tsiro da wani hali. In na tayar da ita da safe sai ta yi ta gurnani tana tuttula baƙin hayaƙi, sulo ba ya zama, da na ɗan tsaya a danja sai ta mutu. Warin fetur kuwa har cikin mota, jiya maiɗakina ta ce ita dai ba za ta ƙara sa mini yara a ciki ba. Na buɗe bonet na tarar da jikin kafireta a jiƙe sharkaf, har yana ɗiga. Na kai wa bakanikena ya ce fulota ce, wato 'yar abar nan da ke yawo a kan mai a cikin kwanon kafireta, aka sayo aka sa. Ko kwana biyu ba a yi ba ta koma 'yar gidan jiya. Ya ce to allura ce, wadda fulota ke turawa ta tsayar da mai in kwanon ya cika, ita ma aka canja. Yanzu kuma wai kafiretar ce gaba ɗaya ta gaji, in nemo kuɗi a sayo wata 'yar Kwatano. Man da da yake kai ni kwana huɗu tsakanin Samaru da Sabon Gari, yanzu da ƙyar yake kwana biyu. Ni malamin makaranta ne, wata kuma ya yi nisa. Me kuke gani?

Baba Bakanike: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai, ajiye motar nan. Kada ka sake hawa da ita titi. Injin Golf 2 irin naka, manifol ɗin da kafireta ke zaune a kansa da na salansa duk a gefe ɗaya suke, can baya wajen bangon da ya raba inji da cikin mota. Na salansa yana ƙasa, kafireta tana sama. Ka ga duk ɗigon da ya faɗo, kan ƙarfe mai zafi yake sauka. Hajiya ta fi ka gaskiya.

Sarkin Zolaya: Malam ka sayar da ita ka haɗa da albashin wata biyu ka sayi jaki. Shi in ya yi obafulo ma taki za ka samu.

Mai Golf: Sarki, har jakin ma yanzu ya fi ƙarfin malamin makaranta. Baba na ji, na ajiye ta. Tun jiya a ɗan sahu nake zuwa aiki.

Baba Bakanike: Madalla. To yanzu ga tambayata, kuma ita ce tambayar da ya kamata a yi tun kafin a taɓa sifana: daga ina man yake fitowa? Cewa kafireta ta jiƙe bai isa ba. Fetur ba ya tsayawa inda ya fito, yana bin jiki ya gangara, sai ka ga danshi a ƙasa alhali ɓarakar tana sama. Zubar mai iri biyu ce. Akwai ta waje, wato tiyo ya tsage, ko kilif ya saki, ko fakin murfi ya mutu, ko robar famfon totur da ke gefe ta fashe. Akwai kuma ta ciki, wato kwanon kafireta ya cika ya tumbatsa saboda allura ba ta tsayar da mai. Ita wannan ta biyun ita muke kira obafulo, kuma ita ce ke kawo baƙin hayaƙi da mutuwa a sulo, don man yana kwarara cikin inji ba lissafi.

Gobe da safe, inji na sanyi, ka cire iyakilina. Ka sami tsumma ka goge kafiretar tas ta bushe. In akwai hodar yara a gida ka barbaɗa kaɗan a jikinta ta waje, ban da cikin maƙogwaro. Sai wani ya tayar maka, kai kana tsaye da tocila. Inda hodar ta fara yin duhu, nan ne. Sannan ka haska cikin maƙogwaron daga gefe. A sulo bai kamata ka ga mai yana ɗiga daga babban bututun tsakiya ba. In ka ga yana ɗiga ko yana tsartuwa daga ɗan bututun numfashi na sama, ka kashe nan take, ka zo ka gaya mana.

Na ce daga gefe fa. Kada ka ɗora fuskarka a kan bakin kafireta ana kik. In ta yi atishawa sai ka koma makaranta ba gira.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ni kayan gyara nake sayarwa, kuma da son raina ne da na ce Malam ya zo ya ɗauki kafireta, akwai su jibge. Amma tsakani da Allah, 'yar Kwatanon da za ka saya ita ma ta ga jiya ta ga yau. An daina ƙera Golf 2 tun 1992. Duk kafiretar Pierburg, wato irin ta Golf 2, da ka gani a kasuwa ta haura shekara 30, wata ma ta shekara biyar a kan kanta robobinta sun bushe. Sai ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Abu na biyu, allurar da aka sa maka sabuwa ce ko tsohuwa? Kuma an canja ta tare da mazauninta, ko ita kaɗai? Don sababbin da ke shigowa yanzu, wata tun a cikin leda bakinta a karkace yake.

Mai Golf: Sabuwa ce a leda, amma ban san ko an taɓa mazaunin ba. Na dai ga ya kife murfin ya sa baki ya hura, ya ce iska ba ta wucewa, allura ta zauna daidai.

Na Tasha: Malam kada su wahalar da kai. Ka sami gam ɗin nan na silikon ka shafe gefen murfin da shi zagaye, ka bar shi ya kwana. Ni haka na yi wa tawa.

Baba Bakanike: A'a ɗana, wannan kam kada ya yi. Silikon ba ya jure fetur. Zai kumbura ya yi laushi kamar kamu, gutsattsarinsa su faɗa cikin kwano su toshe jet, wani ya maƙale a bakin allura ya hana ta rufewa. Haka ma farin zaren nan na masu gyaran famfo da ake naɗawa a bakin tiyo. Na sha zaƙulo shi daga ƙarƙashin allura. Kuma in obafulo ne, ko ka liƙe murfin da siminti man ta ciki zai bi, ka rufe ƙofa ne da ɓarawo.

Na Tasha: To ni dai tawa ta daina.

Baba Bakanike: Ta daina inda kake gani.

Direban Maraɗi: Salamu alaikum. Ina bin zancen tun ɗazu. Mu nan da sunan Faransanci muke kiran kayan, fulota flotteur, allura pointeau, amma ciwon ɗaya ne. Ni 504 na tuƙa shekaru, mai kafiretar Solex. Abin da ya fi ba mu wahala datti ne. Mutum ya sha mai a kwalba a bakin hanya, ga tanki ya tsufa ya yi tsatsa. Ƙwayar yashi guda in ta zauna a bakin allura, shi ke nan, mai ya yi ta wucewa. In abin ya kama mu a daji, sai mu ɗan ƙwanƙwasa gefen kwano da ƙotar sukundireba. In bai saki ba, sai mu matse tiyon mai, mu bar inji ya shanye na cikin kwano har ya fara shure-shure, sannan mu saki. Fulota ta riga ta sauka ƙasa, allura ta buɗe gaba ɗaya, man da ya shigo da ƙarfi sai ya wanke dattin. Sau da yawa haka kawai take warkewa. Malam, akwai filta a tiyon ka kuwa? Yaushe rabon da a canja ta?

Ga kuma gwajin fulota ga mai ta tagulla: ka cire ka girgiza kusa da kunne, in ka ji ruwa na motsi a ciki ta huje. Ko ka tsoma ta a ruwan zafi da aka riga aka sauke daga wuta, iskar ciki za ta faɗaɗa, ka ga kumfa na fita ta wurin hujin.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Ta Golf roba ce, ba ta tagulla ba. Amma ita ma takan sha mai ta yi nauyi, ido ba ya gani. Sai dai ka riƙe ta da wata mai kyau ka ji bambanci.

Baba Bakanike: Gaskiyar direba. Ka tuna mini da zamanin 504, lokacin da ake harhaɗa su a Kakuri nan Kaduna. Tun 1975 aka buɗe wurin, mu kuwa a kansu muka koyi aiki. A Solex da yawa ba ma lanƙwasa harshen fulota ake yi ba in ana son daidaita tsayin mai, wasa ce ake sa wa a ƙarƙashin mazaunin allura. Ka sa siririya mai ya hau, ka sa mai kauri ya sauka. Yaro ya kwance ya yar da wasar nan bai ma san ta faɗi ba, mota ta yi ta zubar da mai, ya ce wai kafireta ta gaji. Kalmar nan ta "ta gaji" ta cinye kuɗin mutane da yawa.

Injiniya Ƙarami: Da girmamawa ga manya, ni ina ganin ana ta zagaye ne. Kafireta fasahar da duniya ta wuce ce. A Turai tun farkon shekarun 1990 dokar hayaƙi ta kore ta daga sababbin motoci. Mu ne kawai har yanzu ake kawo mota mai injekta lafiyarta lau, bakanike ya cire ya ɗora mata kafireta don ita ya iya. Game da motar Malam kuwa, ni zafi nake zargi. Fetur haɗin sinadarai ne, wasu daga cikinsu kafin zafi ya kai digiri 40 sun fara tafasa. Ka kashe mota da rana tsaka, fanka ta tsaya, zafin salansa ya taso ya dafa kwanon kafireta, man ya tafasa ya tumbatsa cikin manifol. Shi ya sa in ka dawo bayan minti 15 take ƙin tashi sai ta sha kik.

Baba Bakanike: Injiniya, abin da ka faɗa yana faruwa, ban musa ba. Amma koma ka karanta saƙon Malam. Ya ce da safe take yi, inji na sanyi. Wane zafi ne ya tafasa mai da asuba a Zariya? Maganar duniya ta wuce kuma, Malam bai tambaye mu wace mota zai saya ba. Wadda Allah ya ba shi ita yake son ta kai shi makaranta.

Injiniya Ƙarami: Na karɓi gyara a kan safiya. Amma maganar cire injekta ina nan a kanta, ɓarna ce.

Sarkin Zolaya: Karen bana da zomon bana sun haɗu da tsohon maharbi.

Shugaban Zaure: Jama'a a tsaya a kan matsalar Malam. Muhawarar injekta da kafireta mun yi ta a watan jiya har mutum biyu suka fice.

Maman 'Yan Biyu: Sallama. Ni ban san komai a inji ba, Starlet ce dai da ni tun ta maigidana marigayi. Amma abin da na lura, duk sanda ta ɓullo da sabon ciwo, in na yi tunani sai in tarar akwai abin da aka taɓa mata kwanan nan. Lokacin gurɓataccen man nan na Fabrairun 2022, wanda aka ce methanol ya yi masa yawa, ina shan mai ba a yi kwana uku ba ta fara zuba, aka ce robobin ciki ne suka lalace. To Malam, kafin motarka ta fara wannan hali, me aka yi mata? Ko ka sha mai a wani sabon wuri?

Mai Golf: Hajiya, mai dai inda na saba nake sha. Aiki kuma ba a taɓa kafireta ba sam kafin wannan. Abin da kawai aka yi, kamar mako uku da suka wuce ta mutu mini a hanyar Kwangila, aka ce famfon mai ne ya daina ja. Bakaniken ya ce na injin wahala ne da shi, ya sa mini na lantarki a can baya kusa da tanki. Ya ce ma na mota mai injekta ne, ya fi ƙarfi, ba zan sake jin matsalar mai ba. Amma wannan ai ba ruwansa da kafireta ko?

Baba Bakanike: Innalillahi. Malam! A nan gizo yake saƙar, ka bar mu muna ta laluben fulota.

Injiniya Ƙarami: Hajiya, wallahi kin fi mu duka. Malam, bari in ba ka lissafin. Kafireta irin taka tana son mai ya zo mata da matsin da bai wuce bar 0.2 zuwa 0.3 ba. Famfon mota mai injekta ta sosai, mai nozul a kowace silinda, an yi shi ne ya yi aiki a wajen bar 3. Wato ninki goma ko fiye. Ko na Golf 3 mai nozul guda a tsakiya yana ba da wajen bar 1, shi ma ya yi yawa. Yanzu ka duba abin da ke tsayar da man: 'yar fulota ce da ba ta kai nauyin akwatin ashana cike ba, tana yawo a kan mai tana tura allura sama. Iyakar ƙarfinta ke nan. In man da ke bayan allura ya fi ƙarfin turawar fulota, sai ya banƙare ta ya shige. Ko allurar zinariya ka sa haka za a yi. Ka sayo kafireta goma, duk goman za su yi obafulo.

Mai Golf: To amma ya hura da baki a gabana, iska ba ta wuce ba.

Injiniya Ƙarami: Bakin mutum ko ya kumbura kumatu iya ƙarfinsa, da ƙyar ya wuce bar 0.1. Gwajin yana da kyau, yana nuna allura ba ta lalace ba. Amma bai nuna za ta iya da famfon da ya ninka haka sau talatin ba.

Baba Bakanike: Yau dai na yarda da yaron nan. Ni ban san bar ba sai da na tsufa, amma mun san famfon asali yana da hankali. Yana nan gaban inji a jikin bulok, wani shaft ne ke buga shi, amma sifirin ne ke tura man. In kwano ya cika allura ta rufe, sifirin ɗin ba shi da ƙarfin da zai ci gaba, sai ya tsaya cak ya jira. Na lantarkin injekta kuwa bai san jira ba.

Malam, tunda na lantarki ne, gwajin ya ma yi sauƙi. Ba sai an tayar ba. Cire iyakilina, a murɗa makulli fitilun dashbod su kawo kawai, ka tsaya gefe ka kalla. Daƙiƙa kaɗan sun isa. Tsumma a hannu, na'urar kashe gobara a kusa, kuma kada kowa ya zo maka da sigari. Sannan ka duba wani abu: Golf ɗinka tana da tiyo biyu, ɗaya mai kawo mai, ɗaya mai mayar da rara tanki. Ka bi na biyun da hannu ka ga ko yana nan a haɗe.

Bakaniken Zamani: Ku yi haƙuri, amma kullum a zauren nan bakanike ne mai laifi. Kun san yadda ake yi? Mutum zai zo motarsa ta mutu a titi, ka ce masa famfon asali kaza ne kuma sai an aika Kaduna ko Kano, ya ce shi yau yake son motarsa kuma rabin kuɗin ke gare shi. Ka ɗauko abin da ke ƙarƙashin benci ka sa masa ya tafi yana godiya. Ni kaina na sa famfon lantarki a motoci masu kafireta ba adadi, suna nan suna yawo.

Baba Bakanike: Wane iri ka sa? Ƙaramin nan mai ƙas-ƙas-ƙas da aka yi don kafireta, ko dogon nan na injekta?

Bakaniken Zamani: Duka biyun. In na injekta ne ina sa masa mahaɗa mai baki uku kafin kafireta, rarar ta koma tanki.

Baba Bakanike: To ka ga kai ka san abin da kake yi, ka ba man hanyar gudu. Ba da kai ake ba. Kuma ban ce bakaniken Malam mugu ne ba. Laifinsa guda: shi ya sa famfon da hannunsa, mota ta dawo masa da obafulo bayan mako guda, bai tambayi kansa me ya canja ba, sai ya hau canja kayan mutane ɗaya bayan ɗaya. Tambayar da Hajiya ta yi daga ɗakinta, shi ya kamata ya yi ta a gareji.

Bakaniken Zamani: Wannan kuma haka ne.

Injiniya Ƙarami: Ko da mahaɗar ma ni ban natsu ba, don matsin da zai rage ya dogara da faɗin tiyon komawa, ba wanda ya auna. In dole sai na lantarki, a sa na kafireta, ko a sa ragileta mai mayar da rara a auna da geji. Kuma yawanci kai tsaye ake jona wayarsa da makulli. Allah ya kiyaye, in aka yi hatsari inji ya mutu makulli na kunne, famfon zai ci gaba da feso mai. Motocin da suka zo da shi daga kamfani akwai rile da ke yanke masa wuta in inji ya tsaya.

Mai Golf: Jama'a barkanmu da safiya. Na yi yadda Baba ya ce. Ƙanena ya murɗa makulli, na ji famfon ya fara kuka a baya. Ban ƙirga biyar ba sai ga mai yana ɓulɓulowa ta ɗan bututun sama kamar an buɗe famfon masallaci, yana malala cikin maƙogwaro, wani yana bin gefe. Na daka masa tsawa ya kashe. Hodar ma ba ta yi amfani ba, wanke ta ya yi. Sai na bi tiyo na biyu. Wallahi a yanke na same shi, an cusa masa wata ƙusa mai zare an ɗaure da waya, an tura shi bayan batir.

Sarkin Zolaya: An toshe masa hanyar gida, dole ya kwana a maƙogwaro.

Direban Maraɗi: Allah ya rufa asiri da ba ta kama ba. Malam ka yi sadaka. Kuma ga duk mai karantawa, in wuta ta tashi a inji kada a wangale bonet, iska ce abincinta. A ɗaga kaɗan a fesa hodar na'urar kashe gobara ta ƙasa, ko a watsa yashi. Ruwa kuwa ɗaukar man yake ya yaɗa shi.

Baba Bakanike: Alhamdu lillahi, an ga ɓarawo. Saura ɓarnar da ya yi. Malam, zaro gejin baƙin mai ka shinshina, ka kuma duba ko ya haura alama. Mako biyu mai na kwarara cikin silinda, ba duka yake ƙonewa ba. Wani yana wanke man da ke jikin silinda, ya bi ta gefen ringi ya gangara cikin baƙin mai ya tsinka shi. In ka ci gaba da tafiya a haka, ana kukan targaɗe sai ga karaya, metal ne zai tafi.

Mai Golf: Na duba. Ya haura alamar sama da kusan faɗin yatsa, ya tsinke kamar shayi, kuma warin fetur ne zalla.

Baba Bakanike: To a juye shi, da filtarsa. Kada a tayar da injin kafin nan. A kwance fulogi huɗun, za ka same su baƙi ƙirin, a wanke ko a canja. Famfo kuma ni shawarata a koma na asali. Ku duba ko an bar tsohon a jikin inji. In yana nan kuma an bar tiyo na bi ta cikinsa, a lura, don in robarsa ce ta fashe shi ma yana zuba mai cikin inji kai tsaye. A haɗa tiyon komawa da sabon tiyo na fetur, ba na ruwa ba, a hura shi a tabbatar ya buɗe har tanki. Kilif na sukuru za a sa, ba waya ba. Sabuwar filta kafin famfo. Fakin murfi kuma tunda an buɗe shi sau biyu a sa sabo, a ɗaure sukurorin a hankali, wannan kusurwa sannan waccan. Jikin kafireta ƙarfe ne mai laushi, in aka danne da ƙarfi murfin zai banƙare, zaren ma ya cinye.

Ɗan Ƙofar Ruwa: Famfon inji na Golf ana samu, sabo da na Kwatano. A Panteka ma ba za a rasa ba tunda ta fi kusa da kai. Ka tafi da tsohon a hannu a gwada, kuma kada a manta da farantin da ke tsakaninsa da bulok. Kuɗinsa bai kama ƙafar na kafireta ba. Ka ga na yi asarar ciniki.

Maman 'Yan Biyu: Allah ya mayar maka da alheri.

Na Tasha: Ni fa yanzu tsoro ya kama ni. Tawa ma baƙin hayaƙi take yi tun da na shafa gam ɗin.

Baba Bakanike: Buɗe naka zancen daban, ka turo hoto. Ka fara da shinshina gejin baƙin mai.

Mai Golf: Salam. Na zo da rahoto bayan kwana huɗu. An sa famfon inji, an haɗa tiyon komawa, an juye baƙin mai, an sa fulogi da filta da fakin. Ban koma wurin na farko ba, wani dattijo aka nuna mini. Da aka zo tayarwa ta ɗan yi gardama, ya ce in take totur har ƙasa in riƙe, kada in yi ta famfawa, don famfawar ƙara mata mai take. Ta tashi, ta yi hayaƙi na ɗan lokaci ta washe. Sulo ya zauna. Ya kwance allurar ya nuna mini a rana, bakin ya ɗan yi zobe amma ya ce za ta yi. Tsohuwar fulotata ma da na karɓo ya gwada, ya ce lafiyarta ƙalau, kuɗin banza na kashe. Jikin kafireta a bushe yake, na sake barbaɗa hoda yau kwana biyu tana nan fara. Abu ɗaya ya rage: in na ajiye ta a rana a makaranta, in na tashi da azahar ina ɗan jin wari, kuma sai ta sha kik biyu ko uku.

Injiniya Ƙarami: Baba, wannan fa?

Baba Bakanike: Wannan naka ne, na ba ka. Amma a fara da mai sauƙi. Malam, in ka zo da azahar ka buɗe murfin tanki a hankali ka saurara. In ya yi huci mai ƙarfi, numfashin tankin ya toshe, rana ta dafa shi yana tura mai gaba. In bai yi ba, to zancen Injiniya ne, a duba robar da kafireta ke zaune a kanta, da garkuwar da ke kare zafin salansa, da bututun iska mai ɗumi na iyakilina ko ƙofarsa ta maƙale a buɗe. Ka kuma nemi inuwa.

Mai Golf: Inuwar guda ce a makarantar, gindin darbejiya, kuma ta shugaban makaranta ce. Zan gwada murfin gobe in sha Allah. Na gode ƙwarai, Baba, Injiniya, direba, musamman Hajiya. Maiɗakina ta yarda yara su shiga jiya, amma ta sa an sauke gilasai duka.

Bakaniken Zamani: Malam, famfon lantarkin da aka cire fa? In ba ka so ina saye.

Mai Golf: Yana but, ka zo ka ɗauka. Ƙusar ce dai ba zan bayar ba, tana aljihuna, zan kai wa mai ita.